Ku Jira Ta Yi 'Ya'ya Kafin Ku Kira Sunanta

'Ya'yana, ku matso kusa, musamman ku da kuke karatun aikin gona da ku da kuka karɓi lambu daga hannun iyayenku. Maganar yau a kan wata ƙaramar ciyawa ce wadda asalinta ba na nan ba ne. Daga nahiyar Amurka ta fito, daga yankunan da ke da ɗumi, tun daga Meziko har zuwa ƙasashen kudu irin su Barazil da Ajantina. Masana tsirrai suna rubuta sunanta Cyclospermum leptophyllum. Turawa kuwa laƙabi iri-iri suke yi mata, wasu su danganta ta da fadama, wasu da seleri saboda ƙanshinta. Ni a wannan zama zan riƙa ce mata 'yar seleri. Na zaɓe ta ne domin ta fito daga wani gida na tsirrai inda abinci da magani da guba suke zaune tare, fuskarsu kusan ɗaya. Wanda ya koyi gane ta yadda ya kamata, ya samu hanyar da zai bi da duk wata baƙuwar ciyawa da ya tarar a gonarsa.

Bari in fara kwatanta muku ita. Ciyawa ce mai shekara ɗaya: ta tsira daga iri, ta yi fure, ta zubar da 'ya'ya, ta mutu, duk a cikin 'yan watanni. Ba ta da kwararo a ƙarƙashin ƙasa irin na kiri-kiri, ba ta da ƙwaya irin ta aya-aya. Saiwa ɗaya gare ta, siririya, fara, mai nutsewa ƙasa a miƙe. Tsawonta da wuya ya wuce santimita 60, kuma a wurin da ake yawan yanke ciyawa ko dabbobi ke tattakawa, sai ta kwanta ta bazu a ƙasa, ta yi furenta a haka ba tare da ta kai tsawon tafin hannu ba. Karanta siriri ne, kore, mai rassa da yawa, kuma sumul yake, babu gashi ko ɗaya a jikinsa. Ganyen shi ne abin da ido ke fara kamawa. Ya rarrabu sau uku ko huɗu har ya koma kamar zare, faɗin kowane silinsa bai kai milimita ɗaya ba. Inda tsinken ganyen ya haɗu da kara, yana buɗewa ya rungume karan da wani ɗan kube mai farin baki. In ka murza ganyen a yatsa ka sansana, za ka ji ƙanshi tsakanin na ganyen karas da na seleri.

Tana son ƙasa mai laima wadda aka taɓa: bakin kwata, gefen magudanar ruwa, fangalin lambu, tukwanen da ake renon tsirrai, filin ciyawar ƙawa da ake yawan ba wa ruwa. A kudancin ƙasar Amurka, a jihohi irin su Fulorida da Luwiziyana da Tekzas, da sanyi take tsirowa, ta yi fure in an shiga bazara, zafi ya tsananta ta bushe. Daga gidanta na asali ta bi mutane ta zaga duniya. Yau ana samunta a Ostareliya da Indiya da Japan da kudancin Turai, ana kuma samunta a gabashi da kudancin Afirka.

To, duk abin da na faɗa muku zuwa yanzu bai isa a ce an gane ta ba. Wannan shi ne zancen da nake so ya zauna muku. Ganye mai kama da zare, kara sumul, ƙanshin karas, son wuri mai ruwa, akwai tsirrai da dama da suka haɗa waɗannan siffofi, kuma a cikinsu akwai masu kisa. Shaidar da ba ta ƙarya tana cikin fure da 'ya'ya, su kuwa sai an yi haƙuri an jira su.

Furen wannan gida yana fitowa ne a tsarin lema: tsinkaye da yawa su tashi daga wuri ɗaya su buɗe, kowane tsinke ya ɗauki wata ƙaramar lemar a kansa. Saboda haka ne ma tsohon sunan gidan a wajen masana yake Umbelliferae, na yanzu kuma Apiaceae. A yawancin 'yan gidan, lemar tana can ƙololuwar kara a kan dogon tsinke, tana kallon sama, ana hango ta daga nesa. 'Yar seleri ta saɓa. Lemarta ƙarama ce ƙwarai, yawanci tsinke biyu ko uku kacal, kuma a gaɓar kara take zama, daura da inda ganye ya fito, sau da yawa ba ta da dogon tsinken da zai ɗaga ta. Furannin farare ne, kowanne bai kai milimita ɗaya ba, sai ka durƙusa kafin ka gan su. Ka duba ƙarƙashin lemar: babu wasu ƙananan ganyaye da suka kewaye gindinta. Wannan rashin nasu babbar alama ce. Sai 'ya'yan, waɗanda tsawonsu bai wuce milimita ɗaya da rabi zuwa biyu ba, masu ɗan kewaye, ba su da gashi ba su da ƙaya. In sun nuna sai kowane ɗa ya rabe gida biyu, kowane ɓari yana da layuka biyar masu tudu da suka bi tsawonsa. In ka ga lema a gaɓa daura da ganye, babu ganyayen gindi, ga 'ya'ya sumul masu layi biyar a kowane ɓari, to a nan ne za ka iya buɗe baki ka kira sunanta.

Ku dubi wani misali. A kudu maso gabashin Amurka akwai wata 'yar uwarta, Ptilimnium capillaceum, wadda ita ma fadama take so, ganyenta ma zare ne. Kafin su yi fure, ko wanda ya daɗe a aikin yakan tsaya ya yi shakka. Da zarar fure ya fito an rabu: waccan lemarta a saman kara take a kan dogon tsinke, kuma ƙarƙashinta akwai siraran ganyaye da suka kewaye ta. Akwai wasu kuma na jinsin Spermolepis waɗanda sai a jikin 'ya'ya ake raba su da ita, domin nasu 'ya'yan suna da ƙuraje ko ƙananan ƙayoyi. Bambancin da ke tsakanin waɗannan duka bai wuce abin da zai zauna a kan farcen yatsa ba. Shi ya sa nake roƙon duk wanda ke wannan karatu a cikinku ya nemi ɗan madubin nan na ƙara girma, mai ninka abu sau goma, ya rataya shi a wuya duk lokacin da zai shiga gona. Kuɗinsa kaɗan ne, amfaninsa kuwa har tsufa.

Kada ku ji kunyar cewa ba ku gama ganewa ba tukuna. Manyan masana ma sun daɗe suna juya wannan 'yar ciyawa kafin su tsaya a kan magana ɗaya. Christiaan Persoon ne ya fara bayyana ta a 1805, ya sa ta a jinsin Pimpinella, wato tare da yansun. Bayan shekaru kusan sittin, masu nazarin tsirran Ostareliya suka mayar da ita jinsin Apium, wato ɗaki ɗaya da seleri, kuma har gobe za ku tarar da littattafai da yawa suna kiranta Apium leptophyllum. A 1925 aka buga sunan da ake amfani da shi yanzu. Daga baya da aka leƙa cikin ƙwayoyin halittarta, sai aka ga kuromosom ɗinta 14 ne, na seleri kuwa 22, abin da ya ƙarfafa ware ta da aka yi. Kowane canji daga cikin waɗannan ya zo ne don wani ya sake dubawa da kyau, ya ga abin da na gabansa bai gani ba. Haka ilimin yake tafiya, kuma haka nake so ku ɗauke shi.

Yanzu ku saurari dalilin da ya sa nake ta nanata haƙuri. Gidan Apiaceae yana da tsirrai fiye da 3,000. A cikinsa karas yake, da seleri, da shammar da yansun da kamun da kusbara waɗanda kuke gani a shagunan magungunan Musulunci da wajen masu kayan ƙamshi. Gida ne mai albarka. Amma a cikinsa ne kuma ake samun Conium maculatum, tsiron da aka ce da ruwansa aka kashe masanin falsafar nan Sokratis a birnin Atina na ƙasar Girka, shekara 399 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Wannan tsiron yakan kai mita biyu, karansa yana da ɗige-ɗige masu launin shuni-ja, warinsa ba daɗi, gubarsa kuma tana shanye jiki a hankali har numfashi ya tsaya. Amma yana ƙarami, kafin ya yi kara, ganyensa ya isa ya yaudari mai neman ganyen miya. Sai kuma jinsin Cicuta, wanda shi ma bakin ruwa yake zama a arewacin Amurka da Turai, kuma ana lissafa shi cikin tsirrai mafi guba a can. Saiwarsa tana da ɗakuna-ɗakuna a ciki in an tsaga ta, tana fitar da wani ruwa rawaya, ƙanshinta kuma irin na karas ne. A watan Oktoban 1992, a jihar Maine ta ƙasar Amurka, wani saurayi mai shekara 23 ya shiga daji tare da yayansa suna neman wata saiwar magani. Suka tono saiwar Cicuta suna zaton ita ce. Ƙanen ya gutsura sau uku, cikin rabin sa'a ya fara amai da jijjiga, kuma a ranar ya rasu. Yayan da ya gutsura sau ɗaya ya sha wuya ƙwarai kafin ya tashi. Ba jahilai ba ne, ba kuma yara ba ne. Sun dogara da kamanni, ga shi kuwa kama da wane ba ta wane.

'Yar seleri ba ta cikin masu kisa. Amma tana zama a irin wurin da masu kisan suke zama, kuma tana da ƙanshin da wasunsu suke da shi. Don haka duk wanda Allah ya kai shi waɗancan ƙasashe a cikinku, ko don karatu ko don neman abinci, ga amanata: tsiron wannan gida da ka gani a daji ko a bakin rafi, kada ka kai shi baki, kada ka ba yaro ya yi usur da karansa, ko da hancinka ya rantse maka cewa karas ne. Ɗanɗanawa ba hanyar gane tsiro ba ce.

Wannan tarbiyya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Iyayenku mata sun san ta tun kafin a buɗe makarantar aikin gona ko ɗaya. Ku tuna tafasa da rai-ɗore. 'Yan gida ɗaya ne, furensu rawaya, sukan fito a juji ɗaya da damina. Tafasa ana kwaɗonta ana miyarta, ta ceci mutane da yawa a shekarun yunwa. Rai-ɗore kuwa ɗanyen 'ya'yansa suna illata dabba in ta ci da yawa. Yarinyar da aka aika ɗebo tafasa, tsohuwa takan nuna mata: ki ƙirga 'yan ganyen, na tafasa bibbiyu ne sahu uku, bakinsu a dunƙule, na rai-ɗore sun fi yawa, bakinsu da tsini, warinsa ma daban. Abin da masanin tsirrai ke yi da madubinsa ke nan, ba wani abu ba. Ƙirga, dubawa, sansanawa, da jiran kwafsa ta fito. Abin da ke damuna shi ne wannan sani yana tafiya tare da tsofaffin da ke riƙe da shi, kuma ba na ganin masu zuwa ɗauka da yawa. Wani Bature likita mai suna J. M. Dalziel ya zauna da mutanenmu ya tattara sunayen tsirrai na Hausa, ya buga su a littafi tun 1916. Ku da harshen yake naku, kuma kakanninku na raye a cikin gida, kun fi shi damar yin wannan aiki.

Na san a aljihun kowannenku akwai waya mai manhajar da ake nuna wa ganye ta faɗi sunansa. Ban hana ku ba, abu ne mai amfani, yakan buɗe maka ƙofa. Sai dai ku san iyakarta. Hoto kawai take gani, ba ta jin ƙanshi, ba ta shafa kara ta ji ko da gashi, ba ta tono saiwa. Kuma a wannan gida na masu lema, inda ganye ya fi kowane sashe yaudara, nan ne ta fi saurin tuntuɓe. In ta ba ka suna, ka ɗauke shi a matsayin zato, sa'an nan ka koma jikin tsiron ka bi alamomin ɗaya bayan ɗaya. In alama ɗaya ta ƙi, sunan ya faɗi, komai yawan waɗanda suka dace.

Sanin sunan ciyawa rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne sanin halinta, me take ɓatawa, me take gyarawa. A Ostareliya, a makiyayan shanun madara na jihohin Kwinsland da Niyu Sawut Wels, makiyaya ba sa ƙaunar 'yar seleri, domin in saniya ta ci ta da yawa, ƙanshinta yakan bi madarar ya ɓata ɗanɗanonta. Saniyar lafiyarta ƙalau, amma abin sayarwar ya samu aibi. Duk wanda ya taɓa zama kusa da ruga ya san nono yana bin abin da saniya ta ci, kuma mai tallan nono takan gane daga ƙwarya inda garke ya yi kiwo. A Indiya kuwa labarin ya juya. Can ana shuka ta da gangan a wasu jihohi, kuma littafin ƙa'idojin magungunan gargajiya na Ayurbeda na gwamnatin ƙasar ya lissafa busassun 'ya'yanta da sunan ajamoda, ana ba da su don kumburin ciki da rashin narkewar abinci. A arewacin Amurka kuma akwai wani baƙin malam-buɗe-littafi mai jela biyu, Papilio polyxenes, wanda tsutsarsa ganyen 'yan wannan gida take ci, har da na 'yar seleri, shi ya sa wasu masu lambu a can sukan bar mata wani lungu da gangan. Ciyawa ɗaya ce, amma hukuncinta ya danganta da inda ta tsaya da wanda ke kallonta. Sai dai ku lura: masu shuka ta a Indiya sun san irin da suka zuba da hannunsu. Wannan ba izini ba ne ga wanda ya tsinci mai kama da ita a bakin kwata ya ce zai jiƙa ya sha.

Wani zai ce, Baba, tunda ba ciyawarmu ba ce, ina ruwanmu? Ɗana, ƙashin yawo ma ba namu ba ne. Daga kudancin Amurka ya zo, yau ga shi ba garin da ba ya soke ƙafar yaro, har mun raɗa masa suna kamar tare aka halicce mu. Ciyawar nan Chromolaena odorata da ta mamaye gonakin kudancin Najeriya, wadda can suke kira Awolowo, mutanen Gana kuma suke kira Acheampong, ita ma 'yar Amurka ce. Kainuwar nan mai shuɗin fure da ke toshe hanyar kwalekwale, daga yankin Amazon take, kuma a wajajen 1984 ta shigo ruwayen Legas. Kowace daga cikinsu ta fara ne da 'yan tsirrai kaɗan da wani ya wuce ya gani bai tsaya ba. Iri ƙanana irin na 'yar seleri ba sa neman izinin kowa. Suna shiga cikin irin shuka da ba a tace ba, cikin ƙasar tukunyar fure, cikin harawa, cikin laka a tayar mota, suna bin ruwan ban-ruwa daga fangali zuwa fangali.

Nan ne maganar ta taɓa ku, masu noman rani. Karas ɗin da ake nomawa a fadamun Kano da Zariya da kan tudun Jos ɗan wannan gida ne, kuma yawancin irinsa daga waje ake shigo da shi. Wanda ya zo a gwangwani ko leda a rufe daga kamfanin da ya san aikinsa an tace shi. Wanda ake aunawa a buɗe, ba a san hannun da ya bi ba, shi ne abin lura. Irin karas yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku kafin ya tsira, kuma yana tasowa a hankali, don haka duk ciyawar da ta riga shi ta ci gabansa. In ciyawar kuma 'yar gidansu ce, wahalar ta ninku. Mai cira zai tsallake ta yana zaton karas ne. Maganin feshin da aka zaɓa don ya kashe ciyawa ya bar karas, sau da yawa yakan bar dangin karas ma, tunda jininsu ɗaya. To ga yadda za ka raba su. Ganyen karas yana da ɗan gashi a tsinkensa in ka shafa, silin ganyen kuma yana da ɗan faɗi, a baje yake. Karas yana zama a dunƙule, duk ganyensa daga ka ɗaya suke fitowa, kuma ba ya saurin yin kara a zangon farko domin ƙarfinsa yana tafiya ne cikin saiwa. In ya yi fure, lemarsa babba ce a kan dogon kara, da ganyaye masu yatsu a ƙarƙashinta, 'ya'yansa kuma da ƙaya. Saboda haka in ka ga wani abu a fangalin karas yana sumul, ganyensa ya fi na sauran sirantaka, ya yi sauri ya miƙa kara mai rassa tun sauran ba su yi saiwa ba, ka tsaya a kansa. Ka tuge ɗaya ka duba gindin: siririyar farar saiwa ce ko karas ne ke ƙulluwa?

Maganinta, in an gane ta, ba shi da wuya, kuma daga halinta ake samo shi. Tunda da iri kaɗai take yaɗuwa, duk yaƙin shi ne kada a bar ta ta zubar da 'ya'ya. A tuge ta da hannu bayan an yi ban-ruwa, lokacin da ƙasa ta yi laushi saiwar za ta fito gaba ɗaya. Yanka ta da lauje ko injin yankan ciyawa ba ya gamawa da ita, don na gaya muku takan kwanta ta yi fure a ƙasa-ƙasa inda wuƙa ba ta kaiwa. Wadda ta riga ta yi 'ya'ya kada a jefa ta a kan kunya ko cikin ramin taki, a tara ta a buhu a fitar da ita a ƙone. A rufe ƙasa da ciyawar shimfiɗa inda zai yiwu, domin ƙananan iri ba sa iya huda rufi mai kauri. A gyara wurin da ruwa ke kwanciya, a kuma share bakin magudana, don daga nan take aiko da 'ya'yanta cikin fangali. In gona ta kamu sosai, a huta da karas a wurin, a sa abin da ba danginsa ba, kamar albasa ko masara, inda za a gan ta a fili a cire. Feshi shi ne na ƙarshe, kuma sai da shawarar malamin gona wanda ya ga ciyawar da idonsa.

Za ku ga kamar maganata biyu sun yi karo: na ce a jira 'ya'ya kafin a kira suna, na kuma ce a tuge kafin ta yi 'ya'ya. Ba su yi karo ba. Baƙuwar ciyawa in ta bayyana, ka tuge duka ka bar biyu ko uku, ka kafa musu tsinke don ka san inda suke, ka riƙa leƙa su. Da sun yi fure sun fara ɗaura 'ya'ya, tun suna kore ba su fara zuba ba, sai ka tono su da saiwarsu. Ka karkaɗe ƙasar, ka shimfiɗa kowanne a tsakanin takardun jarida, ka baje ganyen yadda lema da gaɓa za su fito fili, ka ɗora abu mai nauyi a kai. Ka riƙa canza takardar kullum har ya bushe, in ba haka ba zai yi fumfuna. A wata 'yar takarda ka rubuta ranar da ka cire shi, da sunan garin da fadamar, da irin ƙasar, da abin da aka shuka a wurin, da inda aka sayo irin, da launin furen da ƙanshin ganyen tun yana ɗanye, domin waɗannan biyun suna gushewa in ya bushe. Ka wanke hannunka bayan ka gama, don ruwan wasu 'yan gidan yakan ƙona fata in rana ta taɓa shi.

Daga nan sai ka kai wa waɗanda aikinsu ke nan. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da ɗakin ajiyar busassun tsirrai, ga kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona a Samaru kusa da ita. A Ibadan akwai babban ɗakin ajiya na Cibiyar Binciken Gandun Daji, inda aka tara samfuran tsirran ƙasar nan na shekaru masu yawa. A irin waɗannan wurare za a ɗora naka kusa da wanda aka riga aka tabbatar, a gwada lema da lema, ɗa da ɗa. In hanya ta yi maka nisa, ka ba malamin gona na yankinku ya isar. Ka riƙe ɗaya a wurinka, ka kai ɗaya, kuma in amsa ta zo ka rubuta sunan a jikin takardar wanda ka riƙe, ka nuna wa maƙwabtanka na fadama don su ma su san shi tun yana ƙarami. Allah ya yi muku albarka, ya sa albarka a lambunku.